A Gwada Ɗalibi Da Ƙaramar Amana Kafin A Miƙa Masa Kwali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan maganar da ke tasowa duk lokacin da manyan makarantu suka yaye ɗalibai: yara sun fito da kwali a hannu, aiki ya gagara, wanda ma ya samu ba ya daɗewa. Ni ba malami ba ne. Akanta na karanta, kuma na jima ina riƙe da wani matsakaicin kamfanin casar shinkafa a yankin Kura, inda ruwan Tiga ya sa ake noma rani da damina. Ni nake tantance masu neman aiki, ni nake karɓar 'yan hidimar ƙasa da aka turo mana, ni kuma nake sallamar wanda ya gaza. Abin da zan faɗa, a bakin sikeli da ƙofar sito na gan shi.

Maganin da kowa yake bayarwa shi ne a koyi sana'a. Ban ƙi ba. Tun 2012 hukumar hidimar ƙasa ta NYSC ta shigo da koyar da sana'o'i a sansanin horo, jami'o'i ma sun mayar da darasin dogaro da kai wajibi. To amma a mako 3 na sansani, tsakanin fareti da layin abinci, me ake koya? Haɗa sabulun ruwa, turaren ɗaki, gasa kek, ɗaurin ɗankwali. Yaro zai fito ya iya haɗa sabulun kuwa. Tambaye shi nawa roba ɗaya ta tsaya masa, sai ya lissafa maka kuɗin sinadari kawai. Ya manta kuɗin robar kanta, ya manta kuɗin adaidaita sahu zuwa Sabon Gari da dawowa, ya manta datar da ya ƙona wajen talla a WhatsApp, ya manta roba 5 da 'yan'uwa suka ɗauka da sunan za a kawo kuɗin. Kafin wata 2 ya cinye uwa da riba, ya koma majalisa yana cewa kasuwa ce ba ta yi. Hannunsa ya koyi aiki, amma ba wanda ya koya masa riƙe kuɗi da ba da bayaninsu. A nan gizo yake saƙar. Ko an sauya sabulun da gyaran waya ko aikin kwamfuta, muddin wannan giɓin yana nan, labarin ɗaya ne.

Bari in kawo abin kusa. Idan motar shanshera ta shigo, mutum ɗaya ake buƙata ya tsaya a kanta: ya soki buhu ya auna danshi da na'ura, ya duba ko an cuɗa ƙasa ko ƙaiƙayi, ya hau da ita sikeli, ya rubuta. Aikin ba wuya, ɗan sakandare zai koya a yini guda. Shinkafar da danshinta ya haura kashi 14 cikin 100, in aka jibge ta a sito za ta ɗau zafi ta yi fumfuna, kuma ka sayi ruwa ne a farashin shinkafa. Dillali ya san wannan sarai. Shi ya sa zai ja yaron gefe, ya kira shi Injiniya, ya cusa masa 'yan dubbai a aljihu ya ce a sha ruwa. Karatun shekara 4 ko 5, a wannan mintin ake gwada shi, kuma babu tambaya ko ɗaya daga takardar jarrabawa.

Ba ma sai an kai ga cin hanci ba. Na taɓa ɗaukar wani saurayi mai digiri a fannin noma, sakamakonsa mai kyau ƙwarai, kuma ba ɓarawo ba ne, wannan na tabbatar. Wata rana ya ƙirga buhunan sito ya ga lissafi bai cika ba, sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya ce a ransa ƙila kuskuren ƙirga ne, gobe zai daidaita. Gobe ta zama jibi, giɓi yana ƙaruwa, tsoro yana ƙaruwa, har ya fara taɓa alƙaluman littafi don su zo daidai da abin da ke ƙasa. Ranar da abin ya fito fili, mai zare buhunan ta bayan katanga ya daɗe da barin garin. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun ranar farko. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, kunya na ji, kada a ce ban iya aiki ba." Wadda ta gaje shi yarinya ce mai takardar NCE. A makonta na farko ta kira ni bayan sallar isha'i ta ce buhu 2 ba su cika ba, ba ta san inda suka shiga ba, amma ta ga gara in sani yau. Da gari ya waye aka gano direba ne ya sauke su a ɗaya siton. Makullan suna hannunta har yau.

Kai wa na gaba mummunan labari da wuri, da bakinka, kafin ya ji a wani wuri: ban san kwas ɗin da ake koyar da wannan ba. Makaranta ma kishiyarsa take koyarwa. A ɗakin lacca mai ɗalibi ɗaruruwa, wanda ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba dariya za a yi masa, wani malamin ma ya sa masa ido. Sai yaro ya koyi ɓoye rashin saninsa, ya haddace takardun da aka sayar masa, ya juye a jarrabawa, ya wuce. A gida kuma mun tarbiyyantar da shi kada ya haɗa ido da babba, kada ya mayar da magana. Kunya ado ce, ba ni da ja. Amma sai ka yi wa yaro bayani ka ce, "Ka gane?" ya ce, "Na gane," ka aike shi banki ya dawo da abin da ba shi ka ce ba. Cewa "ban gane ba, a sake mini bayani" ba rashin kunya ba ne, kuma mu iyaye ya kamata mu fara faɗa musu haka. Haka nan iya cewa a'a. Kawunsa zai zo sito ya ce a ba shi buhu ɗaya zuwa ƙarshen wata. Yaro nawa ne zai iya russunawa ya ce, "Kawu, kayan nan ba nawa ba ne, amana ce, amma bari in ga abin da zan iya yi daga albashina"? Wanda ya iya wannan maganar, da ladabinta da tsayuwarta, ya tsira daga abin da ya kori mutane da yawa daga wurin aiki.

Sai batun shugabanci, wanda shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. In an ce shugabanci hankalin yaranmu kujerar gwamna yake tafiya. Alhali shugabancin farko da mai digiri zai yi shi ne na 'yan dako 10, ko ajin yara 70, ko leburori a wurin gini waɗanda yawancinsu sun haife shi. 'Yan dako suna da nasu tsarin. Suna da babbansu, suna da layi, sun san wanda ya yi lodin safe da wanda zai yi na yamma, kuma a kan kowane buhu ake biyansu. Yaron da ya zo da takalmi sau ciki yana daka musu tsawa da Turanci, ba wanda zai yi masa musu. Za su ce, "To, Yallaɓai." Sai lodin awa 2 ya kai magariba, direba ya kwana, kamfani ya biya kuɗin kwana, shi kuma ya shigo ofis yana cewa mutanen nan ba sa jin magana. Wanda ya iya kuwa, da safe wurin babbansu zai fara zuwa: "Baba, an tashi lafiya? Ya gajiyar jiya?" Ya faɗa masa mota nawa ake sa rai, ya bar shi ya raba aikin. Ya tsaya kai da fata kuɗinsu ya fito kafin la'asar, ba a zaftare ko sisi ba. In rigima ta tashi ya ji ta bakin kowa kafin ya yanke. In kuskuren daga ofis ne, ya ce daga ofis ne. Irin wannan yaron, ranar da hadari ya taso shinkafa tana shanye a fili, ba sai ya kira kowa ba.

To a ina ɗalibi zai koyi wannan? Wurin da ya kamata shi ne ƙungiyoyin ɗalibai, kuma a nan abin takaicin yake. Ka leƙa kowace babbar makaranta lokacin zaɓe: fasta a kowane bango, wannan Kwamared, wancan Sanata, kowa da 'yan rakiya. An ci zaɓe, sai a karɓi kuɗin ƙungiya daga kowane ɗalibi, a yi liyafar ƙarshen shekara, a sassaƙa lambar yabo a kai wa wani ɗan siyasa a Abuja ko gidan gwamnati don a samo ambulan. Nawa aka tara, nawa aka kashe, ina ragowar? Ba mai tambaya, ba mai amsawa. Yaron da ya shekara yana wannan ya koyi shugabanci kam, sai dai irin wanda muke kuka da shi. Kuma kada mu ɗauka wasan yara ne. Tun da aka gyara tsarin mulki a 2018 aka sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, tsakanin ofishin ƙungiyar ɗalibai da zauren majalisa tazarar ba ta da yawa.

Magabatan da muke yawan ambato ba daga sama suka faɗo kan mulki ba. Sardauna Ahmadu Bello da ya gama Kwalejin Katsina a 1931, aji ya shiga ya koyar a Midil ta Sakkwato, sannan a 1934 aka ba shi hakimcin Rabah, inda dole haraji da jangali su shiga baitulmali a cike. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Bauchi a shekarun 1940 suke zaman muhawara da Malam Sa'adu Zungur, a 1948 ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa yana ɗan shekara 28. Kafin ƙasa ta san su sun riƙe aji, sun riƙe ƙungiya, sun riƙe littafin kuɗin jama'a.

Ba sai mun je tarihi ba ma, Kantin Kwari tana nan. Duba yadda maigida yake tafiyar da yaron shago. Da shara da ninke atamfa zai fara. Sai a aike shi sayen abinci a ga ko canji zai dawo daidai. Sai a ba shi cinikin yini ya kai banki. Sai a bar masa shago ranar da maigida ya tafi ɗaurin aure. Sai makulli. Sai a tura shi Legas saro kaya. A ƙarshe a ba shi jari a buɗe masa nasa. Kowane mataki amana ce da ta ɗan fi ta baya girma, kuma ba a hawa na gaba sai an ba da lissafin na baya. Maigidan wataƙila ko firamare bai gama ba, amma yana da manhajar da jami'a ba ta da ita. Mu kuwa sai mu riƙe yaro shekara 16 a aji, ba a taɓa damƙa masa naira dubu 10 ta jama'a an ce ya kawo bayani ba, rana ɗaya mu miƙa masa siton miliyoyi.

Akwai tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo neman aiki cikin 'yan shekarun nan: a yajin aikin malaman jami'a na 2022, me ka yi? Wata 8 aka yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga kuma na 2020 da ya ci wata 9. Ba laifin ɗalibai ba ne, an cuce su. Amma amsar tana gaya mini abin da kwali ba ya faɗa. Wani ya ce ya zauna a shagon POS na yayansa. Sai in tambaye shi ranar da kuɗi suka yi gardama, an cire wa mutum ba su shigo ba, yaya ya yi da mai kuɗin. Wata ta ce ta koyar a Islamiyyar unguwa, ita ke karɓar kuɗin wata. Wani ya ce ya yi noman rani da mahaifinsa, ya san nawa man injin ban-ruwa ya ci. Waɗannan hira da su ba ta ƙarewa. Wani kuma ya ce, "Muna dai jira a koma." Ba na zarginsa, amma ba ni da abin da zan kama.

Rubutu ma abin dubawa ne, ko da yake ba zan tsawaita ba. Ba Turancin Ingila nake nema ba. Shafi ɗaya nake so: mota kaza ta shigo, buhu kaza, an ƙi karɓar kaza saboda kaza. Ko da Hausa ne. Da yawa ba sa iyawa da kowane harshe, kuma wanda takardarsa ta ce ya ci darasin kwamfuta sai ka buɗe masa Excel ya tsaya yana kallonka.

Gwamnati ta tanadi hanyar da za ta rage wannan, wato zaman sanin makamar aiki na SIWES da ake tura ɗalibai kamfanoni, wasu har wata 6. Abin da nake gani shi ne, ɗalibi zai zo ranar farko a karɓe shi, ya ɓace, sai ana saura kwana kaɗan ya dawo da littafinsa cike da ayyukan da bai yi ba, a buga masa hatimi. Wani ma da mahaifinsa zai zo, a haɗa ka da Allah da Annabi. In ka ƙi, kai ne mugu. Mahaifin bai san cewa darasin da ya koya wa ɗansa a ranar ya fi na wata 6 ɗin zama a zuciya ba.

Kada a ce na ɗora wa yara laifin komai. Aikin ne babu, wannan gaskiya ce. Ba mu manta da Maris na 2014 ba, lokacin da fiye da mutum dubu 500 suka nemi guraben hukumar shige da fice da ba su kai dubu 5 ba, aka rasa rayuka a turmutsitsi. Kowa ya san ana sayar da gurbin aiki, kowa ya san zancen wa ka sani. Mu masu kamfanoni ma ba mu fita ba: akwai masu biyan mai digiri abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ba, ba horo, ba takardar ɗauka, sannan su yi mamakin ya karɓi na shan ruwa a hannun dillali. Sai dai duk da haka, ɗan gurbin da ke akwai, a kasuwa ne ko a kamfani, mai riƙon amana ake nema ruwa a jallo. Ka tambayi duk wani mai sito a Dawanau ko Singa abin da ya fi ba shi wahala, jari ko yaron da zai bar wa shago ya yi barci.

Kuɗin yaron na kansa ma haka. Alawus ɗin hidimar ƙasa ya tashi daga naira dubu 33 zuwa dubu 77. Na ga wanda ya shiga adashe da shi, ya gama hidima ya sayi keken ɗinki na zamani. Na ga wanda ya zuba nasa a cacar ƙwallo ta waya, da wanda ya kwana yana dannar allo da sunan mainin, da wanda ya kai wa manhajar zuba jari ta bogi CBEX kafin ta rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025, kamar ba a yi irin wannan damfarar ta MMM a 2016 ba. Yanzu kuma ga bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024. Taimako ne babba, amma bashi sunansa bashi: shekara 2 bayan hidimar ƙasa ake fara biya, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Ɗalibin da zai fita da bashi a wuya ya cancanci a zaunar da shi a koya masa tsara kuɗin wata kafin ya fita.

Abin da nake roƙon shugabannin makarantu ba ya buƙatar sabon gini ko kasafi daga Abuja. Kowace ƙungiyar ɗalibai, ta sashe ce ko ta 'yan gari ɗaya, a wajabta mata liƙa lissafin kuɗinta a allon sanarwa ƙarshen kowane zango, da rasit. Ɗaliban akanta su bincika, a ba su maki a kai, sun samu aikin gwaji na gaske ke nan. Shugaba da ma'ajin da ba su miƙa lissafi ba, a riƙe takardar sallamarsu kamar yadda ake riƙe ta wanda bai mayar da littafin laburare ba. In ana hana mutum kwali saboda littafi ɗaya, ban ga dalilin da za a sake shi da kuɗin ɗalibai 500 ba. Darasin dogaro da kai kuma, a riƙa gayyato masu abin, 'yan kasuwar Kwari da Ƙofar Wambai da matan da ke sana'a a cikin gida suna aurar da 'ya'ya da ita, su yi magana da Hausa, ɗalibai su yi musu tambaya. Iyaye kuma, cefanen gida ya isa makaranta: a ba yaro kuɗin mako, namiji ko mace, a ce ya rubuta, ranar Juma'a a zauna a duba tare. In ya yi giɓi ya faɗa da bakinsa, kada a dake shi, don dukan ne zai koya masa ɓoyewa.

Mu ma a namu ɓangaren akwai abin yi. Kakar shinkafar damina tana kamawa daga Oktoba, lokacin da motoci suke layi kuma hannu yake ƙaranci a duk kamfanonin casa da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya. Sashen noma ko na akanta da ya turo mini ɗalibai a lokacin, zan karɓa, zan ba su abinci da kuɗin mota, zan kuma damƙa wa kowanne littafin sito na mako guda da sunansa a kai. Sharaɗina shi ne malamin da ya turo su ya zo da ƙafarsa ranar da za su ba da lissafi, ya zauna ya ji.

Na gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatunku daga Kura, Jihar Kano